Yadda ake ɗibar laka da ruwan rafi don neman yuraniyom a karkarar Kano da Jigawa

Da an ambaci yuraniyom a ƙasar Hausa, hankali Arlit yake tafiya, inda Nijar take haƙarsa tun 1971. Amma kafin a kai ga haƙa akwai wani aiki mai rahusa, mai cin ƙafa, wanda da shi ake farawa ko'ina a duniya: a bi rafuka da rijiyoyin yanki guda, a ɗebi laka da ruwa, a kai ɗakin gwaji, a zuba sakamakon a kan taswira a ga inda ya ɗara saura. Amurka ta yi haka a shekarun 1970 a ƙarƙashin shirinta na NURE, ta tara dubun dubatan samfura. Wannan bayani na ɗalibin ilimin ƙasa ne da ma'aikacin fili da za a tura ƙauyukanmu da rariya da kwalba.

Damina tana wanke dutse da ƙasar kowane kwari ta zubo a rafi. Lakar da ka ɗiba a ƙarshen ƙaramin rafi kamar cokalin miya ce, ɗanɗano ɗaya ya ba ka labarin tukunya. Sai dai lamba ɗaya ita kaɗai ba ta faɗin komai. Aikin duka kwatance ne, wannan rafi da wancan. Saboda haka in ka ɗebi samfur na 12 da rariya kaza, na 80 kuma da wata daban, ko ka ɗebi ruwan wannan gari a kaka, na wancan a bazara, to bambancin da za ka gani a taswira na hannunka ne, ba na ƙasa ba.

Halin abin da kake nema

Yuraniyom ba baƙo ba ne a ƙasa. A ɓawon duniya akwai kusan giram 3 a kowane tan na dutse, a dutsen giranait kuma yakan ɗan fi haka. Ganinsa a sakamako ba labari ba ne. Abin lura shi ne fuska biyu gare shi. In ruwa yana da iska (wato oksijin) a cikinsa, musamman in akwai kabonet, gishirin da ke cikin kanwa da farar ƙasa, yuraniyom na narkewa ya yi tafiya mai nisa. Da ya tarar da wurin da babu iska, irin baƙin taɓon fadama mai ruɓaɓɓen ganye, sai ya kwanta ya maƙale. Ɗan'uwansa toriyom ba ya narkewa haka, yana nan inda yake. Akwai kuma yuraniyom da yake kulle cikin ƙwayoyin ma'adinai masu nauyi da tauri, irin zirkon da monazait da fairokulo. Wannan ba ya narkewa, sai dai ambaliya ta gangaro da shi a matsayin yashi. Mafi yawan ruɗanin da ake samu wajen fassara sakamako daga rashin rabe waɗannan biyu yake tasowa.

Fara da taswira, ka raba ƙasar biyu

Kano da Jigawa ba ƙasa iri ɗaya ba ce a ƙarƙashi. Kudu da yamma, wajajen Doguwa, Tudun Wada, Sumaila, Rano, Ƙaraye har zuwa Birnin Kudu da Gwaram, tsohon dutse ne, da yawansa giranait mai shekara wajen miliyan 600. A cikinsa akwai wasu duwatsun da suka ɓullo daga baya, irin na Riruwai da na garin Dutse. Riruwai ta yi suna da kuza, kuma an daɗe da sanin cewa wani nau'in giranait ɗinta yana ɗauke da fairokulo mai yuraniyom. A nan rafuka suna da hanya sananniya, dutse yana kusa, lakar rafi tana aiki.

Arewa maso gabas kuwa, daga Gumel da Malam Madori zuwa Haɗejiya da Kafin Hausa, shimfiɗar kwarin Chadi ce, yashi da yumɓu masu kauri, ga jigayin da iska ta tara a kai. Lakar rafi a nan ba ta da alaƙa da abin da ke ƙarƙashi, domin ko iska ce ta kawo ta, ko kogin Haɗejiya ya ɗauko ta daga nesa. A ganina ɓata kuɗi ne a cika jaka da ita. Ruwan rijiya da na burtsatse su ne abin ɗiba a wannan ɓangare.

Nemi taswirar ƙasa mai ma'aunin 1:50,000 ko 1:100,000, da taswirar duwatsu, da taswirar awon haskakawa (wato tururin nukiliya da yuraniyom da 'yan'uwansa ke fitarwa) da aka yi da jirgin sama a shekarun 2000, wadda ake samu a hukumar binciken ƙasa ta NGSA. Zana iyakar kowane ƙaramin kwari. A zagayen farko, samfur 1 a kowane murabba'in kilomita 10 zuwa 20 ya wadatar. Yanki mai murabba'in kilomita 1,000 ke nan yana son wurare 50 zuwa 100. Zaɓi ƙananan rafuka, waɗanda ba su karɓi rassa da yawa ba. Manyan koguna irin Kano da Challawa sun gauraya labarin ƙasa mai faɗi har ya salance, kuma duk abin da ke ƙasan madatsar Tiga ko ta Challawa ba ya wakiltar abin da ke sama, domin lakar ta kwanta a cikin dam. Sa alamarka sama da mahaɗar rafi biyu, ba a kanta ba, yadda ambaliyar babban ba za ta turo lakarta cikin ƙaramin ba.

Takarda da gaisuwa

Dokar ma'adinai ta 2007 ta sa ma'adinan ƙasa a hannun gwamnatin tarayya. Mai neman ma'adini yana bukatar izinin leƙen farko daga ofishin rajistar ma'adinai na tarayya. Izinin na shekara 1 ne, ana sabunta shi, ya ba ka damar ɗibar ƙananan samfura a saman ƙasa, bai ba ka damar haƙa rami ko huda ƙasa ba.

Takardar Abuja kuma ba ta shigar da kai gonar mutum. Ka bi ta ƙaramar hukuma, ka gai da hakimi, shi zai haɗa ka da dagaci, dagaci ya ba ka ɗan rakiya. Ka faɗi gaskiyar abin da ya kawo ka da kalmomi masu sauƙi: "Ranka ya daɗe, awon ƙasa da ruwa muka zo yi. Laka za mu ɗiba a rafi, ba ta fi cikin tafi biyu ba, da ruwa ɗan kaɗan a kwalba. Ba za mu haƙa gonar kowa ba." Kusan kullum za a tambaye ka, "To Malam, zinariya ce?" Ka ce a'a, kuma kada ka yi wa kowa alkawarin kamfani ko aiki ko diyya, domin yawancin irin wannan bincike ba ya ƙarewa da ma'adana. Ɗan rakiya ya fi taswira sanin rafin da ke riƙe ruwa har rani, da inda 'yan tifa suka kwashe yashi, da inda ba a shiga. In aikinka ya kusanci dajin Falgore, tambayi halin tsaro a makon da za ka shiga, ba labarin bara ba, kuma ka nemi izinin masu kula da dajin.

Lokaci

Kaka ce lokacin aikin, daga Oktoba zuwa Nuwamba. Ambaliya ta wuce, sabuwar laka ta kwanta, rafukan kudu suna ɗan gudu, hanya ta fara bushewa. A tsakiyar damina ruwan sama ya tsinka komai, ga hatsarin tsallaka rafi. Daga Disamba hunturu yana zuba ƙurarsa a kan busasshen rafi, ƙurar da ta taso daga wajajen Chadi, mai laushi ƙwarai, wadda za ta ratsa rariyarka ta shiga samfur. A bazara kuma ɗan ruwan da ya rage a kududdufi rana ta ƙafe shi, gishirinsa ya ninka, yuraniyom ɗinsa ma ya ninka ba tare da wani dalili na ƙasa ba. Ka yi ƙoƙari ka gama ruwan yanki guda cikin 'yan makonni.

Kayan aiki

Rariya biyu masu ragar nailan da bakin katako ko roba, ɗaya mai ido milimita 2, ɗaya mai ido maikuron 150 (maikuron 1,000 ne milimita 1). Wasu na amfani da maikuron 180, ba laifi, amma wadda ka fara da ita da ita za ka gama. Kada ka sayi rariyar ƙarfe ko ta tagulla a kasuwa. Sai roba mai faɗi guda biyu, ludayin roba, jakunkunan takarda masu kauri, leda, alƙalamin maka wanda ruwa ba ya goge rubutunsa, GPS, kwalaben roba mai ƙwari irin ta HDPE, sirinji, matata mai ido maikuron 0.45, asid ɗin naitirik mai tsabta na ɗakin gwaji, mitar pH mai auna tsamin ruwa, mitar auna gishirin da ya narke a ruwa, kula, safar hannu, da katin rubuta bayanin wuri. Zobe da agogo a cire su a sa a aljihu.

Tun a masauki ka rubuta lambobi a jakunkuna da kwalabe, ka hargitsa su, yadda rafukan da ke maƙwabtaka ba za su sami lambobi a jere ba. Dalili kuwa, in injin ɗakin gwaji ya ɗan karkace a wata rana, karkacewar za ta warwatsu a taswira, ba za ta taru wuri guda ta yi kama da arziki ba.

A bakin rafi: ruwa tukuna

Sauka daga mota, ka taka zuwa sama da gada ko mashigi, aƙalla mita 50 zuwa 100. Kwalbati da titi an yi su da dutse da marmara da aka kwaso daga wani wuri. Ka guji mashayar shanu, wurin wanki, bakin gari, da ramin 'yan yashi.

Ruwa ake fara ɗiba, kafin kowa ya taka cikin rafin ya dama shi. Tsaya ka fuskanci inda ruwan yake fitowa, ka ɗiba a inda yake gudu. Ɗauraye sirinji sau 3 da ruwan wurin, ka cika, ka ɗaura matata, ka zubar da ɗigon farko, ka ɗauraye kwalba da tataccen, sannan ka cika. Kwalba biyu ake yi. Ta farko a ɗiga mata asid, kamar mililita 1 a mililita 100, har pH ya sauka ƙasa da 2, don kada yuraniyom ya manne a jikin roba. Ta biyu ba asid, a cika ta fal, ita ce ta awon kabonet da sauran gishiri. Tacewa kafin asid, ba bayansa ba. In ka zuba asid a ruwa mai laka, zai narkar da abin da ke jikin lakar ya ba ka lambar ƙarya. Ruwan rafukanmu yakan yi kauri, matata ta toshe tun sirinji bai kai rabi ba, babban yatsa ya gaji. Canja matata, kada ka matsa da ƙarfi har ta fashe. Auna pH da gishiri da zafin ruwan nan take a wata roba daban, ka rubuta. Kwalabe su shiga kula, kada su kwana a bayan mota cikin rana.

Sannan laka

Abin nema shi ne laka mai laushi da ruwa ya ajiye a cikin hanyarsa a daminar nan. Ba ƙasar gaɓa da ta zabtaro ba, wannan labarin gona ɗaya kawai take bayarwa. Duba bayan manyan duwatsu, da cikin kwana inda ruwa ke lafawa, da ƙarƙashin tsakuwa. Kankare saman, kamar kaurin yatsa biyu, ka zubar, domin can ƙura da kashin dabbobi da tsatsa suke. Ɗebi kaɗan-kaɗan a wuri 5 zuwa 10, a tsawon mita 50 na rafin, ka haɗa.

Ɗora babbar rariya a kan ƙaramar, ƙaramar a kan roba. Zuba, ka murza da hannu mai safa, ka zubar da tsakuwar da ta tsaya a sama. A kan ƙaramar rariya aikin haƙuri yake. Yayyafa ruwan rafin kaɗan, lita ɗaya ko ƙasa da haka, ka riƙa murzawa kana jijjigawa, kana maimaita ruwan da ya taru a robar. In ka kwarara ruwa da yawa har ya malala, mafi laushin lakar ya tafi, kuma a jikinsa narkakken yuraniyom yake mannewa. Ruwan robar zai koma kamar kunu, ka ajiye shi a inuwa minti 20 ko fiye, ka tsiyaye na saman a hankali, ka juye kaurin a jakar takarda. Giram 100 zuwa 200 in ya bushe ya isa. A rafin da yashi ya yi yawa, samun wannan ɗan abin yakan ci kusan awa guda, nan ne ma'aikaci yake jarabtuwa ya kankaro gaɓa don ya cika jaka. Shugaban tawaga ya sa ido a nan fiye da ko'ina.

In rafin ya bushe, tankaɗe da rariyar milimita 2 kawai, ka ɗauki kilo 1 zuwa 2, a ƙarasa a masauki. Rubuta a kati cewa busasshe ne. Wanke rariya da roba sarai kafin barin wuri, ka sake ɗauraye su da ruwan wuri na gaba.

A ƙasar dutse ina ba da shawarar ƙarin samfur guda: a wanke yashi a kasko har sai baƙin mai nauyi ya rage. Masu wankin kuza na wajajen Riruwai sun fi yawancin masu digiri iya wannan, ɗauki ɗaya aiki. Abin da ya kwanta a kaskon shi zai nuna maka ko zirkon da monazait da kwalambait sun yi yawa a kwarin.

Katin wuri kuwa a cika shi a wurin, ba da daddare ba: lamba, GPS, faɗin rafi, yana gudu ko a tsaye, launin laka, akwai baƙin taɓo ko jan tsatsa, irin dutsen da ke kusa, gonaki, tsohon ramin kuza a sama. Rubuta taki musamman. Takin zamani mai fosfet yana ɗauke da ɗan yuraniyom, don haka magudanar da ta fito daga gonakin noman rani na Kadawa, Kura da Bunkure ba za a kwatanta ta da rafin daji ba.

Rijiya da burtsatse

A famfon tuƙa-tuƙa, a buga ruwa na wasu mintuna har mitar pH da ta gishiri su tsaya cak, don ruwan da ya kwana a bututu ya fita. In ka tarar mata da yara suna ta ɗiba tun safe, an riga an yi maka wannan aikin, sai ka yi sallama ka nemi alfarma: "Sannunku da aiki, Baba, a ba mu kwalba biyu mu wuce." Kada ka ɗiba daga tankin sama ko randa. A buɗaɗɗiyar rijiya yi amfani da gugan roba mai tsabta, ka tambayi zurfinta gaba nawa, ko tana ƙafewa, ko an zuba mata magani kwanan nan. In rijiyar a cikin gida take, mai gida ake nema, ko a sa mace cikin tawaga.

Shanshana ruwan, ka kuma duba shi bayan ya ɗan zauna. In yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, ko ya fito garau sannan ya juya ja, ruwa ne marar iska, kuma irinsa ba ya ɗaukar yuraniyom ko da yana kwance a kansa. Ƙaramar lamba a nan ba ta nufin babu. A ƙasar yashi irin ta kwarin Chadi, abin da ya fi jan hankali shi ne iyaka: jerin rijiyoyi masu iska da yuraniyom mai ɗan yawa, sai kuma a gabansu, ta inda ruwan ƙasa ke gangarawa, lambar ta faɗi warwas. A irin wannan iyaka yuraniyom yake taruwa cikin dutsen yashi.

Samfuran tsaro

A kowane wuri 20, maimaita ɗaya: ɗebi na biyu 'yan mitoci daga na farko, da wata lamba. Sa kwalbar tataccen ruwan ɗakin gwaji da aka bi da ita ta sirinji da matata da asid kamar saura. Sa kuma samfur da aka riga aka san adadin abin da ke cikinsa. Kada ɗakin gwaji ya san waɗanne ne. In tagwayen suka saɓa da nisa, ko farin ruwan ya nuna yuraniyom, a tsaya a gano dalili kafin a zana taswira.

Jakunkunan laka a rataye su a igiya a inuwa mai iska, nesa da ƙura. Ban da wuta, ban da shanya a kan kwano.

Ɗakin gwaji da karatun sakamako

Ruwa yana son injin ICP-MS, mai gano sinadari komai ƙanƙantarsa, domin yuraniyom ɗin ruwan rafi sau da yawa bai kai maikurogiram 1 (kashi ɗaya cikin miliyan na giram) a lita ba. Laka ana iya yi mata ICP-MS ko XRF (awo da hasken X-ray), ko awon niyutiron irin wanda cibiyar CERT ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya take yi da na'urarta tun 2004. Kada ka nemi yuraniyom shi kaɗai. Nemi toriyom, zirkoniyom, niyobiyom, ƙarfe, manganis da yawan ruɓaɓɓen abu. In kuɗi ya isa a auna laka sau biyu: narkarwa gaba ɗaya, da jiƙo a asid mai sauƙi wanda ke ciro na manne kawai.

Da sakamako ya zo, raba shi bisa irin dutse. Abin da yake na kullum a kan giranait ɗin Riruwai zai zama abin mamaki a kan yashin Gumel. A kowane rukuni ware kashi 2 zuwa 5 cikin 100 mafi yawa, ka yi wa kowanne tambayoyi. A dutse na yau da kullum toriyom ya ninka yuraniyom sau 3 zuwa 4. In sun tashi tare, zirkoniyom ko niyobiyom na biye da su, jiƙon asid kuma bai ciro komai ba, to ma'adinai masu nauyi ne, yuraniyom ɗin a kulle yake, ciro shi yana da tsada. A kudancin Kano yawancin manyan lambobi nan za su faɗa. In ya tashi tare da baƙin taɓo ko tsatsa, wataƙila fadama ce ta yi shekaru tana tsotsar ɗan kaɗan. A ruwa kuma, kwatanta lambar yuraniyom da ta gishiri, in sun tashi tare ƙafewa ce. Wanda ya cancanci komawa shi ne inda yuraniyom ya tashi ya bar toriyom a baya, jiƙo ya ciro shi, ruwan wurin ya goyi baya, kuma rafuka biyu ko uku maƙwabta suka faɗi magana ɗaya.

Akwai lamba guda da ba ta jiran taswira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar yuraniyom a ruwan sha a maikurogiram 30 a lita, saboda illarsa ga ƙoda. Rijiyar da ta haura haka a sake ɗibarta, in ta tabbata a kai rahoto a rubuce ga hukumar ruwan karkara ta jiha da sashen lafiya na ƙaramar hukuma, a kuma sanar da dagaci ba tare da tayar da hankali ba.

Wuraren da suka tsallake tambayoyin nan, koma ka fara maimaita samfur a daidai inda ka ɗiba. In ya sake fitowa, bi rafin sama kana ɗiba kowane mita 250 zuwa 500, da bakin kowane reshe, har inda lambar ta yanke. Tsakanin nan da samfur mai yawa na ƙarshe tushen yake. Nan za ka shiga da na'urar awon haskakawa ta hannu, kana sane cewa ba yuraniyom take ji kai tsaye ba, 'ya'yan da yake haifarwa take ji, wato sinadaran da yake rikiɗewa ya zama, kuma ruwa kan raba su da uwar, don haka duk inda ta yi ƙara sai an ɗebi dutse an kai gwaji. Rami ko huda ƙasa sai da lasisin bincike, wanda ba ya wuce murabba'in kilomita 200, kuma ajiya ko safarar dutse mai haskakawa sosai sai an tuntuɓi hukumar NNRA mai kula da harkar nukiliya.